Ni Ce Na Rufe Wa Nuhu Baki

Salama gare ku masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Musulminku da Kiristanku. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da iyali. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Ni Kirista ce. Na san yawancin masu ba da shawara a nan Musulmi ne, kuma da gangan na kawo kukana nan, saboda in na kai wa matan majami'armu, kafin in ɗaura ɗankwali labari ya riga ni isa gida. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In kun gama kuka ga zagi ne ya dace da ni, ku yi, amma ku haɗa mini da shawara, don na daɗe ina zagin kaina bai kai ni ko'ina ba.

Daga ƙasar Zuru aka kawo ni Jega ina amarya, a nan na haifi 'ya'yana huɗu. Maigidana, Baban Rahila, makanikin injin ban ruwa ne, in rani ya kama kusan kullum yana gonakin albasa na Aliero da ƙauyukan Maiyama, kuma dattijo ne a 'yar majami'armu. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, in ya ce abu ya zauna ke nan. Ni kuma ƙosai da kunu nake sayarwa a bakin tasha, direbobi da 'yan kamasho da masu lodin albasa duk sun san ni, sun kuma san bakina. Allah ya yi ni da gaggawa. Ina juya ƙosai ina zuba kunu ina faɗa da wanda ya tsaya mini a kan wuta, duk a numfashi ɗaya, kuma in mutum ya cika jan magana sai in ƙarasa masa in wuce. To irin wannan matar Ubangiji ya ɗauki yaro mai in'ina ya ba. Nuhu shi ne na biyu, shi kaɗai ne namiji, kuma in'inarsa ba 'yar ƙaramar nan ba ce da ake murmushi a wuce. In kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya dinga buga ƙafa a ƙasa har sai ta fito. Mun kai shi asibiti, aka ce lafiyarsa ƙalau, a dai dinga haƙuri da shi in yana magana. Na ce to, na fito na manta.

A gidanmu akwai dokar da Baban Rahila ya kafa tun muna mu biyu: ba mai fita sai an yi sujadar safe. Kiran sallar asuba na masallacin unguwa shi ne agogonmu. Ana fara shi za mu tashi mu shimfiɗa tabarma, mu yi waƙa ɗaya, ya karanta mana Littafi, sannan a zagaya da addu'a daga babba zuwa ƙarami, kowa da bakinsa. Yakan ce mu 'yan kaɗan ne a garin nan, in yaro bai koyi magana da Allah a ɗakin uwarsa ba, a ina zai koya? Gaskiya ya faɗa, ban taɓa musu ba. Amma ku dubi halin da nake ciki: ƙullu na jira a roba, ban hura wuta ba, motocin farko na Yawuri da Kontagora sun fara lodi, ga wata mai ƙosai ta kafa kaskonta kusa da nawa tana jiran in makara. Sai layi ya zo kan Nuhu. "U... U... Uba..." Mu duka ido a rufe, shi yana kokawa da kalma ɗaya, ni kuma hankalina yana kan kaskona. Da farko taimaka masa nake yi, in ya kama kalma in ƙarasa masa ita. Daga baya na koma in ya samu ya yi 'yar magana ɗaya sai in ɗaga murya in ce, "A cikin sunan Yesu," kowa ya ce amin, a wuce. Da tafiya ta yi tafiya ko layin ma ya daina zuwa kansa, babbar 'yata Rahila na gamawa sai in zunguri ƙanwarsa ta ɗauka. Ubansa bai hana ba, shi ma mota yake so ya kama. Na dinga gaya wa kaina tausayi ne, ina rage wa yaro wahala. Wane tausayi? Ƙosaina nake tausaya wa. Wata safiya na buɗe ido a tsakiyar addu'a na ga bakinsa yana motsi shi kaɗai, yana shirya abin da zai ce in an zo kansa, kuma duk da na gani na tsallake shi.

Wannan duk ba shi ne babban laifin ba. Babban ya zo yana ɗan shekara tara. A majami'armu muna da Ranar Yara sau ɗaya a shekara, yara ne ke jan sujada, kowane yaro a ba shi aya ya haddace ya fito gaban jama'a ya faɗa. Malamar makarantar Lahadi, wata yarinya mai kirki, ta ba Nuhu tasa, gajeriya, ta ce ko zai wuni a kai za a jira shi. Ban taɓa ganin yaron nan da murna irin ta lokacin ba. Bayan madafa yake zuwa ya tsaya yana fuskantar bango, yana buga cinyarsa da hannu yana jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har ƙannensa suka haddace ayar saboda yawan ji. A shekarar ne kuma aka zaɓe ni shugabar Zumuntar Mata, kuma manyan mata baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, da ni za su zauna a kujerar gaba. Ranar Asabar aka yi gwaji. Nuhu ya fito, ya fara da kyau, sai ya sarƙe a tsakiya. Yara suka fashe da dariya, malama ta tsawata musu, shi kuma bai gudu ba, ya tsaya har ya kai ƙarshe gumi na zuba. Da a nan hankalina ya tsaya, da alfahari zan yi da shi. Amma wata mata a bayana ta ce wa ta kusa da ita, a hankali wai don kada in ji, "Ayya, ɗan shugaba ne fa. Gobe kuma gaban baƙi?" Maganar nan ita na ɗauka na tafi da ita gida.

Da safe Baban Rahila ya riga mu fita, dattawa suna addu'a kafin sujada. Na shiga ɗaki na tarar Nuhu ya riga kowa shiri, ya sa kayansa na Kirsimeti, ya shafa mai fuska sai ƙyalli.

Na ce, "Cire kayan nan."

Ya dube ni bai gane ba.

Na ce, "Yau ba za ka je ba. Gidan Ubangiji ba wurin wasa ba ne, ba zan zauna a gaban baƙi a mai da ni abin dariya ba. Allah ya san ka haddace, ya isa."

"Ma... Mama, na... na iya..."

"Ka iya me? Jiya ba a gabana aka yi ba? In ka fara, sai la'asar za a tashi."

Haka na faɗa wa ɗan da na haifa, da bakin nan nawa da zan je in yi waƙa da shi a gaban mutane. Na ja hannunsa yana kuka na kai shi gidan maƙwabcinmu, Baba Garba mahauci, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu. Na ce wa matarsa Inna Hajo yaron ba ya jin daɗi, ta riƙe mini shi har mu taso. A majami'a na ce wa malama zazzaɓi ya rufe shi. Na zauna a kujerar gaba cikin zanen Zumunta ina tafa wa 'ya'yan mutane, baƙi suna yaba yadda muka tsara abu, ni kuma ina sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Abin da ban lissafa ba shi ne ubansa ya gan shi garau da safe, har ya dafa kansa ya ce yau zai ji shi. Muna shiga gida ya juyo, "Ina Nuhu? An ce mini zazzaɓi. Wane zazzaɓi?" Wallahi a lokacin nan ina da damar faɗin gaskiya, bai fi in sha faɗa na kwana biyu ba. Amma na san mijina, na san yadda yake kallon mai ƙarya, kuma ni ce na yi ƙarya a cikin majami'a ranar Lahadi. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙin zuwa ya yi. Na yi na yi da shi, ya ce ba zai je ba, ya gudu gidan mahauta. Zazzaɓin na faɗa ne don in rufa mana asiri." Baban Rahila ya miƙe. Ya aika aka kira yaron, ya shiga ya ɗauko tsohon bel ɗin inji. Kafin ya ɗaga hannu ya tambaye shi, don shi ba ya dukan yaro bai tambaya ba: "Me ya hana ka zuwa gidan Ubangiji?" Nuhu ya juyo ya dube ni. Bakinsa ya buɗe, wuyansa ya kumbura, ƙafarsa ta fara buga ƙasa, kalmar tana hanya, na ga tana hanya. Na ce, "Rabu da shi, ba shi da abin faɗa." Aka doke shi dukan da ba a taɓa yi wa wani yaro a gidanmu ba, ina tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, har sai da Baba Garba ya shigo ba sallama ya riƙe hannun mijina yana cewa, "Malam, don girman Allah ka bari hakanan."

Ku gaya mini, wace irin uwa ce wannan? Na san ba zai iya kare kansa da sauri ba, da wannan na dogara. Da Rahila ce, da kafin bel ya sauka ta tona ni. Na zaɓi yaron da na san maganarsa ba za ta riga tawa fita ba.

Tun daga ranar Nuhu bai ƙara buɗe baki a sujadar safe ba. Ko ubansa ya ce, "Nuhu, yi mana addu'a," sai ya sunkuyar da kai har a gaji a wuce. Majami'a yana zuwa don dole, ya zauna can baya kusa da ƙofa, da ya fara girma kuma sai ya fara zamewa, yau ciwon kai gobe ba a san inda ya shiga ba. In ya taso makaranta rumfar Baba Garba yake wucewa a kasuwa, ya wanke faranti, ya kankare teburi, har ya koyi fiɗa da yankan nama. Ubansa ya sa masa suna mai taurin kai, kullum abin da yake kafa hujja da shi ke nan, cewa tun yana ƙarami ya guje wa gidan Ubangiji. Duk lokacin da ya faɗi haka ina zaune, wani lokaci har gyaɗa kai nake yi. Shi kuwa yaron bai taɓa tona ni ba, ko da wasa. Na yi ƙoƙarin biyansa ta hanyar da na iya: in zaɓa masa ƙosai masu zafi, in sa masa tsoka babba a miya, in saya masa takalmi ba a lokacin biki ba. Yakan karɓa da hannu biyu ya ce ya gode, ya tashi ya bar mini wurin. Abin da ya fi ci mini rai, har yau ni ce ake turo wa matasan mata in koya musu yadda ake renon yara cikin tsoron Allah. Ina tsayawa in ce musu su saurari 'ya'yansu, su kuma suna rubutawa. Ranar jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba mana gurasa da ƙoƙo a majami'a, na san ban cancanci miƙa hannu in karɓa ba, amma ban taɓa fasa miƙawa ba, don kada a tambaye ni dalili.

Yanzu shekararsa goma sha shida, kuma abin da ya sa na rubuto muku ya taso. Sa'o'insa duk sun shiga ajin baftisma, inda ake shirya matasa kafin a tsoma su a ruwa su zama cikakkun 'yan majami'a. A wurinmu kafin a yi wa mutum baftisma sai ya zauna gaban dattawa sun yi masa tambayoyi ya amsa da bakinsa, sannan ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida. Nuhu ya ce ba zai shiga ba, bai kuma ba da dalili ba. Nan fa tsegumi ya tashi. Wannan ta ce ta gan shi zaune a ƙofar masallacin kasuwa, waccan ta ce ai da ma mahaucin nan ya daɗe yana jansa, tun yana yaro ba gidansu yake gudu ba? Maganar ta isa kunnen Fasto, ta isa kunnen Baban Rahila. Ranar Lahadin da ta wuce muna dawowa ya zaunar da ni.

Ya ce, "Maman Rahila, na yi magana da dattawa. Ranar Asabar za a kira yaron nan. In ya ce zai shiga aji, shi ke nan. In ya yi mana shirun da ya saba, zan sa shi a mota ya tafi ƙauye wurin yayana, ya yi noma can har ya san yana da iyaye. Garba kuma zan ɗauki dattawa biyu mu je mu same shi, ya fita harkar ɗana."

Na ce, "Baba Garba fa ka ce? Mutumin da ya riga kowa isa wurinka ranar da babur ya kayar da kai a hanyar Maiyama?"

Ya ce, "Na sani, kuma ban manta ba. Amma ɗa ɗaya namiji gare ni. Ranar shari'a ni za a tambaya ina na kai shi."

Da ya faɗi haka muryarsa ta karye, ya tashi ya fita. Mijina ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ni na dasa masa tsoron. Ku da kuke zaune a garuruwa irin namu kun san zargi irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, in ya fita daga baki ba wanda ya san inda zai tsaya. Mutanen nan tun da na zo garin muke tare, naman layyarsu yana shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimetinmu tana shiga nasu, Inna Hajo ce ta yi mini wankan jego na 'ya'yana biyu.

Shekaranjiya da hantsi na kashe wuta da wuri na tafi rumfar Baba Garba. Nuhu yana makaranta. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, ni da ban iya kewaye ba, daga ƙarshe na gaya masa abin da ake faɗa. Ya ajiye wuƙa ya goge hannu a tsumma.

Ya ce, "Uwar Rahila, na ji wagga magana tun kahin ki zo. Ni ban taɓa ce mishi shi bi ni masallaci ba. In na tahi sallah shina zamnawa waje shi jira ni, shi ke nan abin da sunka gani. Ranar Lahadi ni ka koro shi da kaina, in ce mishi shi tahi wurin ibadarsu. Sai shi tahi bakin gulbi shi zamna."

Na ce, "To me kake ba shi, Baba, da ya fi son nan da gida?"

Ya ce, "Mi gare ni da zan ba shi? In ya hwara magana ni kan aje wuƙa in jira. Nama ba shi gudu." Sannan ya ƙara, "In shina wankin hwaranti, waƙoƙinku na coci shi ka yi, ɗaya bayan ɗaya. Wanga yaro bai bar addininshi ba."

Na dafa teburin. Sai ya rage murya don kada masu sayen nama su ji. "Ranar da anka buge shi, Hajo ta hwaɗa min ke da kanki kinka kawo shi shina kuka, da kayan biki jikinshi. Ban hwaɗa ma kowa ba, ba gidana ba na. In maigidanki yaz zo da mutanenshi, ba ni yi musu ƙarya, ba ni kuwa tona ki. Ke ad da magana."

Ashe duk shekarun nan mutumin nan ya sani, yana gaishe ni kullum da mutunci, kuma shi ne za a je a ci wa fuska saboda ni. Ban san yadda na kai gida ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. In na faɗa wa Baban Rahila, zan gaya masa cewa da hannunsa ya doki yaro marar laifi, ya kuma shekara bakwai yana kiransa da sunan da ba nasa ba, duk a kan maganata. Yana da hawan jini, kuma ban san ko zai ƙara kallona da idon da yake kallona ba. Na san shi, ba zai rufe ba, wurin Fasto zai kai, a sa ni ƙarƙashin horo, in sauka daga shugabanci in koma kujerar baya, ga maganar auren Rahila ta fara tasowa, dangin mai nemanta kuwa 'yan majami'armu ne. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce: har yanzu akwai wani gefe na zuciyata da kujerar gaba yake tunani. In kuma na yi shiru, za a cire yarona daga makaranta a kai shi ƙauye, zumuncinmu da maƙwabta ya lalace, kuma Nuhu zai tafi da sanin cewa uwarsa ta sake tsayawa tana kallo.

Jiya da yamma na koma kasuwa. Na same shi a bayan rumfa ya durƙusa yana wanke faranti. Na tsuguna kusa da shi, zanena a cikin ruwan wanki ban damu ba. Na ce, "Nuhu, ranar Ranar Yara, ni na yi maka ƙarya a wurin Babanka. Na cuce ka. Ka yafe mini." Ban taɓa furta wannan ba sai jiya. Bai ɗago ba, ya ci gaba da cuɗa farantin da ya riga ya fita. Can ya ajiye shi, ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Jama'a, ko a wannan lokacin sai da na ji harshena yana ƙaiƙayi in ƙarasa masa. Na cije leɓena da ƙarfi, na jira. Mai tura kurar kaya ya wuce, aka kira sallah, na jira.

Ya ce, "Ma... Mama, ba... baftisma ni ka so. Na da... daɗe ina so. A... amma in na tsaya ga... gaban mutane, ke ni ka gani."

Hawaye suka zubo mini. Ya sake kokawa da wata kalma, ta fi ta farko daɗewa, ya runtse ido har na ji tausayin wuyansa.

"Ra... ranar Assabar, in sunka ta... tambaye ni dalili, in hwaɗi? In kin ce in yi shi... shiru, zan yi. Na saba."

Na tashi na ce zan ɗora tuwo, na taho. Yaron da na zalunta shi ne yake neman izinina kafin ya wanke kansa, ni kuma na gudu na bar shi da faranti a hannu.

Yau Alhamis. Iyaye mata, iyaye maza, malamai da fastoci in akwai ku a nan, ku taimake ni. In fara samun mijina shi kaɗai a ɗaki, ko in je wurin Fasto tukuna ya zama yana nan in zan faɗa? In shiga zaman dattawan da kaina in tsaya a maimakon ɗana, ko hakan zai ƙara kunyata ubansa a gaban abokansa? Kuma ko na faɗa, yaron da ya ce ni yake gani in ya tsaya gaban mutane, ta yaya zan gyara masa wannan? Yau da safe da muka tashi daga tabarma ya tsaya a ƙofa yana kallona, har yanzu amsata yake jira. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?